Habu Bai Yafe Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci mai tafiya da ƙafafunsa, ya kuma halicci wanda ake ɗauka a hannu tun daga zanen goyo har zuwa makara, bai kuma rage wa ɗayansu haƙƙi ba. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Na kama aiki a tashar Iddo da ke Legas ina saurayi, na ajiye shi ina babban mai kula da sigina, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa samuna da ba da rahoton abin da idona bai gani ba. Da wannan tarbiyya nake rubuta labarin jinyar ƙanena Abubakar, wanda Agege ta sani da Habu, domin masu naƙasasshe a gida su yi hattara da wanda za su bar wa amana, kuma domin a daina ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba.

An haifi Habu a gidan mahaifinmu da ke kusa da layin dogo, bayan doguwar naƙuda da ta kusa tafiya da mahaifiyarmu. Bai taɓa taka ƙasa ba. Bai taɓa furta kalma ba. Hannuwansa a lanƙwashe suke zuwa ƙirji, ƙafafunsa a harɗe, wuyansa ba ya ɗaukar kansa sai an tokare shi da matashi. Hankalinsa kuwa garau yake, ya fi na mutane da yawa da na yi aiki a ƙarƙashinsu. Amsa biyu Allah ya ba shi. In ya yarda da abu, sai ya lumshe idanu ya daɗe kafin ya buɗe. In bai yarda ba, sai ya kawar da kai hagu. Da waɗannan biyun muka yi hira ta shekara sittin da 'yan kai. Ya san muryar kowane mai karanta labarai a rediyo, yana da wanda yake so da wanda in ya fara magana sai ya kawar da kai har a canza tasha. Ba ya shan kunu mai tsamiya da yawa. In na yi tuntuɓe da buta yakan yi wata irin dariya marar sauti wadda ke girgiza gadon gaba ɗaya.

Mahaifinmu farken goro ne, kuma tun Habu yana ƙarami wani likita ya gaya masa cewa ƙirjin yaron ba shi da ƙarfi, a nisanta shi da sanyi da laima. Saboda haka da ya tashi gyaran gida sai ya ɗaga daɓen ɗakin gaba, ya fasa masa taga biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa. Duk wanda ya yi damina a Legas ya san yadda bango ke yin gumi, tufafi su yi funfuna a cikin akwati. A gidanmu kaf, wannan ɗaki kaɗai ne bangonsa ba ya jiƙa. Nan Habu ya rayu. Bayan rasuwar iyayenmu, da ta mai ɗakina, ni nake masa wanka, ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci da cokali.

A saman benen gidan akwai Nasiru da iyalinsa. Ɗan marigayi yayanmu ne, haifaffen Agege, Yarabancinsa ya fi Hausarsa kyau. Ni na tsaya masa ya yi makaranta, ni na tsaya masa ya yi aure. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma Allah ya buɗa masa.

Farkon daminar da ta wuce aka kira mu tsofaffin ma'aikata zuwa Arewa domin tantance 'yan fansho. Na kira Nasiru na nuna masa komai, yadda ake tayar da baffansa zaune kafin a ba shi abinci, yadda ake juya shi safe da rana da yamma. Ya ce, “Baffa, je ka abinka, ai gida ne.” A Zariya zazzaɓi ya kwantar da ni a gidan 'yata, tafiyar mako guda ta zama ta kusan wata. Duk lokacin da na buga waya na ce a kara wa Habu a kunne ya ji muryata, sai Nasiru ya ce barci yake yi, ko kuma ya ce yana kasuwa.

Ranar da na dawo, wari ne ya fara tarbata tun daga zaure. Na tura ƙofar ɗakin Habu. Buhunan albasa ne jere har kusa da rufi, an ɗora su a kan katako don kada su taɓa ƙasa, an bar tazara tsakanin layi da layi, tagogin nan biyu a buɗe, har da fanka sabuwa tana juyawa a kansu. Na yi aiki da ma'ajiyar kaya shekaru da yawa, kuma ina shaidawa ban taɓa ganin kaya da aka adana da kulawa irin wannan ba.

Ƙanena kuwa na same shi a ɗakin baya, wanda ke manne da makewayi, inda ruwan kwata ke bi ta gindin bango. Katifa aka shimfiɗa masa a ƙasa. Da na sa hannu ƙarƙashinta sai na ji ta jiƙe sharkaf. Bangon ya yi kore. Babu taga, babu rediyo. Da ya gan ni bai yi dariyar nan tasa ba, numfashinsa kawai nake ji yana kurɗawa kamar ana jan ruwa da tsinken kara.

Na aika aka kira Nasiru. Ya shigo yana share gumi.

“Baffa, ka tsaya ka ji. Mota biyu ce ta sauka lokaci ɗaya, shago ya cika, ruwa kuma ya ƙi tsayawa. Albasa in ta ji danshi shi ke nan, ta tafi. Na ɗan lokaci ne, wallahi. Shi kuma ai ba fita yake yi ba, ko'ina aka ajiye shi ɗaya ne.”

Na ce, “Ka tambaye shi?”

Sai ya yi murmushi. “Haba Baffa. In tambaye shi da wane yare?”

Na durƙusa gaban Habu na ce, “An nemi izininka?” Ya kawar da kai hagu. Na ce, “Ana juya ka?” Ya sake kawarwa.

Na fita bakin titi na kira 'yan dako, na sa suka fitar da buhunan nan tsakar gida, ana yayyafi. Nasiru ya ruga ya nemo tamfol ya lulluɓe kayansa, ya bi kowace kusurwa ya danne da dutse. Sai da ya gama wannan sannan ya leƙo ya ce yaya jikin Baffa Habu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: mutumin nan ya san abin da laima ke yi wa abu mai rai, sana'arsa ke nan. Da saninsa ya zaɓi wanda zai kwana a busasshen ɗaki.

Makon farko tari ne da zazzaɓi. Tarin naƙasasshe irin Habu ba ya fita, a maƙogwaro yake tsayawa, don haka wanda bai saba ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ya ƙi kunu, ya ƙi shayi. Da na tuɓe shi don wanka na ga gyambo a kwankwasonsa na dama, inda ya daɗe a kwance ba a juya shi ba. Ƙanwarmu Hajiya Asabe ta zo daga Ikorodu da zuma da tafarnuwa, ta ce a yi masa hayaƙin habbatussauda. Wani maƙwabci ya ce rubutu za a sha. Iya Basira, Bayarabiyar da ke sayar da abinci a ƙofar gidanmu tun muna da sauran ƙarfi, ta kawo jiƙon sassaƙe a kwalba, amma ta ja ni gefe ta ce, “Baba, wannan nawa na zazzaɓi ne kawai. Wannan numfashi, asibiti ne.” Na gode mata, domin ita kaɗai ta faɗi iyakar maganinta.

A ƙaramin asibitin kuɗi na unguwa suka dube shi daga bakin ƙofa suka ce ba su da kayan duba irinsa. Masu keke mai ƙafa uku suka ƙi ɗauka, wai ba zai zaunu ba. A ƙarshe wani direban danfo, wato bas ɗin haya, wanda ban san sunansa ba har yau, ya sauke fasinjojinsa, ya kwance kujerar tsakiya, 'yan dako suka ɗauko Habu muka shimfiɗa shi a ƙasan mota. Da na miƙa masa kuɗi ya ɗaga hannu ya ce in yi masa addu'a. Ina yi masa.

A babban asibitin gwamnati, wanda ba zan ambaci sunansa ba, mun isa da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma ba a yi ko ɗayansu domin mutumin da ba ya iya zama ba. Keken marasa lafiya bai karɓi jikinsa ba. Sai na zauna a benci na rungume shi a cinyata, tsoho riƙe da tsoho, jama'a na wucewa suna kallo. Wata ma'aikaciya ta tsaya a kanmu ta ce da ni, “Me yake ji?” Na ce ta tambaye shi, yana ji. Ta yi tsaki ta wuce.

Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba ta kai 'yata ba. Ita ce ta fara durƙusawa ta gaishe shi kafin ta gaishe ni. Na koya mata amsoshinsa biyu, nan take ta kama, ta riƙa tambayarsa inda ke masa ciwo yana ba ta amsa. Da hoton ƙirji ya fito ta ce nimoniya ce, ta kama huhu duka biyu. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini: “Baba, mutum irin wannan abin da ya shiga ƙirjinsa ba ya iya fitar da shi, can yake zama. A ina yake kwana?” Na gaya mata. Ta ajiye alƙalami ta dube ni.

Mako na biyu aka sa masa iskar oksijin. Tukunya ɗaya ce tsakanin gado biyu, in ta ƙare sai a jira. Komai saye ake yi a waje, allura, auduga, safar hannu, har ruwan wanke gyambo. Agogon da aka ba ni ranar da na ajiye aiki ya tafi a wannan mako, ban kuma yi baƙin cikinsa ba. Nasiru ya aiko matarsa da kuɗi a ambulan. Na ce ta mayar masa. Asabe ta ce, “Yaya, wannan girman kai ne, jinya ake yi.” Na ce ƙirjin ƙanena ya riga ya biya kuɗin albasar nan sau ɗaya, ba za a yi masa magani da ribarta ba.

A mako na uku zazzaɓin ya sauka, ya karɓi kunu kaɗan, har na kawo masa rediyonsa. Wata ranar Lahadi da rana sai ga Asabe ta shigo da Nasiru a bayanta, ya sa farar riga, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya durƙusa a gefen gado.

“Baffa Habu, na yi kuskure. Shaiɗan ne da neman duniya. Don Allah ka yafe mini.”

Habu ya dube shi. Sannan a hankali, da bututun iska a hancinsa, ya kawar da kai hagu.

Nasiru ya juyo gare ni. “Baffa, me ya ce?”

“Ya ce a'a.”

Asabe ta kama hannuna. “Yaya, wuyansa ne ya gaji. Ka ce ya yafe mana, yaron nan ya samu natsuwa. Kai ne bakinsa.”

Na ce da ita, “Saboda ni ne bakinsa shi ya sa ba zan yi masa ƙarya ba. Ke ma kin san amsarsa tun kina goye.” Na sake tambayarsa da kaina, a fili, don kada a ce na yi son zuciya: “Habu, Nasiru na neman gafararka. Ka yafe?” Ya sake kawar da kai, har bututun ya zame sai da na gyara.

Nasiru ya miƙe yana kaɗe gwiwa. A bakin ƙofa na ji yana ce wa Asabe, “Goggo, wannan ai Baffa ne ke juya shi kamar rediyo.”

Sauƙin bai daɗe ba. A mako na huɗu zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, aka canza allura, aka sake canzawa. Gyambon ya zurfafa. Likitar ta kira ni waje ta ce maganin ba ya kamawa, huhun ya gaji, kuma in akwai inda ya fi so ya kasance, in kai shi. Na tambaye shi ko yana son gida. Ya lumshe idanu ya daɗe.

Na sa an wanke ɗakinsa da sabulu, an turara shi, amma warin albasa ya riga ya shiga bango. A cikinsa ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Iya Basira takan tace koko ya yi ruwa-ruwa ta kawo da kanta kowace safiya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Pele, Baba Habu,” wato sannu da Yarabanci, shi kuma ya lumshe mata ido. Ina ɗiga masa a baki da ƙaramin cokali. Daga baya ko wannan ya daina wucewa.

Ranar Alhamis da hantsi numfashinsa ya canza. Asabe na nan, ta aika sama aka kira Nasiru. Ya durƙusa ya sake roƙo, wannan karon da kuka. Habu ba shi da sauran ƙarfin juya wuya. Abu ɗaya ya rage masa da zai iya, wato ya lumshe ido, kuma wannan shi ne abu mafi sauƙi ga mai mutuwa. Bai yi ba. Ya kafe Nasiru da idanu a buɗe, ina karanta masa kalmar shahada a kunne, har numfashin ya tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sa tafin hannuna na rufe masa ido.

Bayan azahar aka ajiye makara a ƙofar masallacin unguwa. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, 'yan kasuwa, 'yan dako, tsofaffin abokan aikina, har da Yarabawan layinmu. Kafin a tayar da salla Liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe masa. Aka amsa an yafe. Sai ya ƙara da cewa, “Kuma iyali sun aiko mana cewa shi ma ya yafe wa kowa kafin ya cika, ya lumshe ido a kan haka.”

Na gane daga inda saƙon ya fito. Na fito daga sahu, na tsaya kusa da kan makara.

“Allah ya gafarta Malam, a gyara wannan magana. Ina wurin. Bai lumshe ba. Ni na rufe masa ido da hannuna bayan rai ya fita. An tambaye shi a asibiti ya ce a'a, an tambaye shi yau ya ƙi amsawa. Ya yafe wa kowa ko bai yafe ba, ban sani ba, ban tambaye shi ba. Amma wanda ya fitar da shi daga ɗakinsa ya zuba albasa, bai yafe masa ba.”

Ban ambaci suna ba, ban kuma bukaci ambata ba, domin rabin sahun nan a kasuwa ɗaya suke cin abinci. Wani dattijo daga cikin manyan dillalai ya matso ya ce a hankali, “Alhaji, a yi haƙuri, a rufa asiri. Ai bayin Allah irin su ba su san riƙo ba.”

Na ce masa, “Alhaji, wanda ya san daɗin kunu da rashin daɗinsa, ya san wanda ya gaishe shi da wanda ya wuce, ya san zalunci. Kun hana shi ƙafa a lissafinku, kun hana shi baki, yau kuma za ku hana shi fushinsa? Shi kaɗai ne abin da ya mallaka, kuma da shi zai tafi.”

Liman ya ce, “Mun janye abin da ba mu da shaida a kai. Allah ya fi mu sanin tsakaninsu.” Aka yi salla. Ban hana Nasiru ɗaukar makara ba, gawa ta jama'a ce. Amma da ya nufi shiga kabari don karɓar baffansa, na sa sandata a gabansa. Ni da wani tsohon abokin aikina muka shiga, da taimakon masu haƙa, muka kwantar da shi.

Ga masu irin wannan ɗawainiya, abin da zan ce kaɗan ne. In tafiya ta kama ku, kada ku yarda da “yana barci” a waya, ku sa wani na waje ya shiga ya gani da idonsa. Ku taɓa ƙarƙashin katifa. Tarin da ba shi da ƙara a ƙirjin da ba shi da ƙarfi, kada a kwana da shi ana jiran zuma. Ina godiya ga likitar nan da ta durƙusa, da direban danfo, da Iya Basira, da 'yan dakon da suka yi ta ɗaukarsa ba su taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya saka musu da abin da ya fi wannan.

Asabe ta yi fushi da ni, ta daina zuwa. Na ji ana cewa na tozarta ɗan ɗan'uwana a bainar jama'a, kuma wasu a kasuwa sun fara janye jiki daga hulɗa da shi. Ban nemi hakan ba, ban kuma yi nadamarsa ba. Nasiru ya sauko ya same ni bayan sadakar bakwai, ya zauna a ƙasa ya ce, “Baffa, to kai ka yafe mini a madadinsa. Kai ne waliyyinsa.”

Na ce masa ni tafinta ne, kuma tafinta ba ya yafe haƙƙin da ba nasa ba. Na ce, maganarku ta bar hannuna, ta koma kotun da ba a bukatar tafinta. A can Habu zai miƙe da ƙafafunsa, a kwance masa harshe, ya faɗi abin da aka yi masa da bakinsa, kai kuma ka ba shi amsa da yaren da ka ce ba ka sani ba.

Shekara sittin da 'yan kai ina marmarin jin muryar ƙanena. Roƙona ga Allah, in ranar ta zo, ya tsayar da ni kusa inda zan ji.